Spaced: Wasan barkwancin Birtaniya da ya tashi daga ƙaryar neman gidan haya

Spaced sunan wani shirin wasan kwaikwayo ne na barkwanci da tashar talabijin ta Channel 4 ta Birtaniya ta nuna daga shekarar 1999 zuwa 2001. Simon Pegg da Jessica Stevenson, wadda a yanzu ake kira Jessica Hynes, su ne suka rubuta shi, su ne kuma manyan jaruman cikinsa, yayin da Edgar Wright ya ba da umarni. Kashi 14 kacal aka yi, a zango biyu, kowane zango kashi bakwai, kowane kashi kuma bai kai rabin sa'a ba. Duk da wannan ƙarancin, shirin ya samu irin mabiyan da ba sa gajiya da maimaita kallonsa, kuma daga cikinsa ne wasu fitattun masu shirya fina-finan Birtaniya na wannan ƙarni suka fito.

A Turancin titi, kalmar da aka raɗa wa shirin tana nufin mutumin da hankalinsa ya yi nisan kiwo, yana zaune a wuri amma tunaninsa yana wata duniya. Tana kuma da dangantaka da kalmar da ke nufin sararin samaniya da wadda ke nufin filin zama. Duka ma'anonin uku sun dace da labarin.

Ginshiƙin labarin

Tim Bisley da Daisy Steiner matasa ne 'yan shekara ashirin da 'yan kai a birnin Landan. Tim mai zane ne, burinsa ya samu aiki a kamfanin buga littattafan labari cikin zane, amma abin da ya samu shi ne tsaron kanti a wani shago mai sayar da irin waɗannan littattafai. Budurwarsa Sarah ta kore shi daga gidan da suke zaune, ta koma wa wani abokinsa mai suna Duane Benzie. Ita kuwa Daisy tana kiran kanta marubuciya kuma 'yar jarida, alhali ba ta cika rubuta komai ba, tana kuma raɓe a wani gida da 'yan zaman kashe wando suka mamaye ba tare da izini ba.

Sun haɗu a wani shagon shan shayi, kowannensu na duba shafin tallan gidajen haya a jarida. Bayan kwanaki suna haɗuwa a wurin ba tare da sun dace ba, sai suka ga tallan wani sashe mai ɗakuna biyu a kan Fam 90 a mako, kuɗin da ko a wancan lokaci araha ne a Landan. Sharaɗi guda ne: mai gidan na neman mace da namiji masu zaman tare, masu kuma aikin yi na mutunci. A al'adar Birtaniya ba lallai ne irin waɗannan su kasance da aure ba, ya isa a ce masoya ne da suka daɗe tare. Tim da Daisy ba masoya ba ne, ba su ma gama sanin juna ba, kuma a cikinsu babu mai aikin da za a nuna wa mai gida. Saboda haka suka haddace tarihin juna, suka ɗauki hotunan bogi kamar sun yi tafiye-tafiye tare, suka je suka shara ƙarya, aka ba su makulli.

Gidan shi ne lamba 23 a titin Meteor, unguwar Tufnell Park da ke arewacin Landan. Titin ƙirƙira ne, amma unguwar tana nan, kuma ainihin ginin da aka ɗauki hoton wajensa yana kan titin Carleton, inda har yau masoya shirin kan je su tsaya a ƙofa su ɗauki hoto.

Wannan ƙarya ce igiyar da ta ɗaure kashi 14 ɗin. Ba a cika tayar da maganarta ba, wani lokaci a yi kashi biyu ko uku ba a ambace ta ba, amma mai kallo ya san cewa ranar da ta fito fili rufin asirin mutanen gidan gaba ɗaya zai yaye. Sai a ƙarshen zango na biyu aka bayyana cewa mai gidan ba ta taɓa gindaya wannan sharaɗi ba. Ma'aikacin sashen talla na jaridar ne ya yi kuskuren saka shi, kuma Ricky Gervais ne ya fito a wannan ɗan gajeren matsayi, a shekarar da nasa shirin The Office ya fara fitowa.

Mutanen gidan

Marsha Klein, wadda Julia Deakin ta fito a matsayinta, ita ce mai gidan. Tana zaune a saman bene, ba a raba ta da kwalbar giya da karan sigari, kullum tana cikin rigima da 'yarta Amber. Ba a taɓa nuna fuskar Amber ba: sai dai a ji ƙarar buga ƙofa, a ga ƙafafu suna gangarowa daga bene a guje. Da farko mai kallo zai ɗauki Marsha abin tsoro ko abin dariya, amma a hankali sai ya gane cewa kaɗaici ne ke cinta, kuma 'yan hayar nan su ne kaɗai dangin da ta mallaka.

A ɗakin ƙasa akwai Brian Topp, wanda Mark Heap ya taka. Mai zanen fenti ne da ba ya iya haɗa ido da mutane, ayyukansa duka a kan fushi da raɗaɗi da tsoro suke. Babbar matsalarsa ta zo ne lokacin da ya samu farin ciki, domin daga nan zanen ya ƙi fitowa.

Mike Watt aminin Tim ne tun ƙuruciya, mai son aikin soja kamar ransa. Raunin ido ya hana a ɗauke shi cikakken soja, rundunar sa-kai ta ko-ta-kwana da ya shiga kuma ta kore shi saboda ya saci tankar yaƙi ya nufi birnin Faris da niyyar mamaye shi. Nick Frost ne ya fito a matsayin Mike, kuma labarin yadda ya samu matsayin ya zama sananne: ma'aikacin gidan abinci ne, ba shi da horon wasan kwaikwayo, abokin zaman Pegg ne a ɗaki guda. Halin Mike wani abu ne da Frost ya saba kwaikwayo don ya ba abokinsa dariya, sai Pegg ya rubuta shi cikin shirin ya kuma dage cewa mai abin ne zai taka.

Twist Morgan, wadda Katy Carmichael ta taka, ƙawar Daisy ce. Tana gaya wa kowa cewa a harkar ado da kwalliya take aiki, alhali a shagon wanki da guga take. Ta ƙware wajen yaba wa Daisy da kalmomin da ke ƙunshe da zagi. Akwai kuma Colin, ɗan ƙaramin karen da Daisy ta ɗauko daga gidan ajiye karnuka marasa masu, duk da cewa Tim na tsoron kare.

Daga cikin masu leƙowa jefi-jefi akwai Bill Bailey a matsayin Bilbo, mai shagon da Tim ke aiki, da Michael Smiley a matsayin Tyres, ɗan aike a kan keke wanda yawon gidajen rawa ya taɓa masa kai har ta kai ƙarar tafasar buta ko ta fitilar tsallaka titi kan sa shi taka rawa. Peter Serafinowicz ne ya fito a matsayin Duane Benzie, David Walliams kuma ya fito sau ɗaya a matsayin tsohon abokin aikin Brian.

Abin da ya bambanta shi

A wancan zamani yawancin wasannin barkwanci na talabijin, a Birtaniya da Amurka, ana ɗaukarsu ne a ɗakin shiri da kyamarori uku ko huɗu, a gaban 'yan kallo, ana jin dariyarsu bayan kowace magana. Shirin Friends na Amurka, wanda ya fara a 1994, shi ne sarkin wannan salo, kuma shi ma labarin matasa ne masu zaman haya. Sai dai matasan Friends suna zaune a faffaɗan gida a tsakiyar birnin New York, da tufafi masu kyau da haƙora farare tas. Pegg da Stevenson sun so su nuna rayuwar da suka sani: kwanukan da ba a wanke ba, layin karɓar tallafin marasa aiki, shayi kofi bayan kofi, da wuni guda a kan kujera ana wasan bidiyo.

Edgar Wright, wanda aka haifa a 1974, yana da shekara 25 lokacin da shirin ya fara fita. Ya ɗauke shi da kyamara ɗaya kamar yadda ake ɗaukar fim, ba tare da dariyar 'yan kallo ba. Kyamararsa ba ta zama wuri ɗaya: takan juya da sauri daga fuska zuwa fuska, ta zabura ta kusanci ido, ta bi bango ta faɗa cikin wani ɗaki ko wani lokaci na baya. Sauti ma yana aiki kamar ɗan wasa. Buɗe firiji ko ɗaga wayar tarho kan zo da irin ƙarar da ake ji a fim ɗin ban tsoro.

A nan ne abin da ake kira rashin kan gado na shirin yake, kuma yana da dalili. Tim da Daisy 'ya'yan talabijin ne, sun tashi a gaban akwatin kallo da kaset ɗin bidiyo, don haka duk abin da ya same su sai su gan shi da idon fim. Shirin ba ya gaya wa mai kallo cewa Daisy na jin aikin wanke-wanke a gidan abinci kamar zaman gidan mahaukata. Nuna masa yake yi, ta hanyar mayar da ɗakin girkin ya koma irin asibitin da ke cikin fim ɗin One Flew Over the Cuckoo's Nest, shugabar ma'aikatan kuma ta koma muguwar malamar jinyar cikinsa. Wasan harbe-harbe da harsasan fenti a daji ya koma fagen yaƙi na gaske, da kuka da wasiyya a bakin wanda aka harba. Kuɓutar da kare Colin daga wani ɗakin gwajin dabbobi ya koma shirin fasa gidan yari. Dawowar Daisy daga yawon nahiyar Asiya ta zo da jami'ai masu baƙaƙen tabarau irin na The Matrix.

Fitacciyar fitowar da aka fi tunawa da ita tana cikin zango na biyu. Wasu 'yan iskan unguwa sun tare Tim da Daisy a lungu da dare, babu hanyar gudu. Sai Tim ya ɗaga yatsunsa kamar bindiga, su ma suka ɗaga nasu, aka ɓarke da musayar wuta ta ƙarya, ana yin ƙarar harbi da baki, ana faɗuwa a hankali kamar a finafinan Hong Kong, har 'yan iskan suka zube ƙasa, su biyun suka tsere. Babu bindiga ko ɗaya a wurin, amma an ɗauki abin da dukkan muhimmancin da ake ba yaƙin gaske, kuma a nan dariyar take.

Ishara ga wasu fina-finai ta yi yawa a shirin har faifan DVD ɗinsa ya zo da wani rubutu na musamman a ƙasan hoto, wanda ke sanar da mai kallo fim ko waƙa ko wasan da ake kwaikwaya a kowane lokaci. Wannan ne ƙarfin shirin, shi ne kuma iyakarsa. Wanda bai san finafinan Amurka na shekarun 1970 zuwa 1990 ba, rabin barkwancin zai wuce shi. Abin da ya cece shi daga zama kacici-kacici ga 'yan gani-kashe-nin fim kawai shi ne rubutun Stevenson da wasanta. Daisy mace ce mai ƙiwa, mai surutu, mai neman kowane uzuri don kada ta zauna gaban keken rubutu, ba a kuma yi mata kwalliya don ta burge kowa ba. A talabijin na wancan lokaci ba kasafai ake barin mace ta zama haka ba tare da an mayar da ita abin tausayi ba.

Ya kamata a sani cewa shirin na manya ne. Akwai shan giya da tabar wiwi da ƙwayoyi da ashar a cikinsa, kuma an nuna su a matsayin abin da matasan wurin suka saba da shi, ba a yi wa'azi a kansu ba, ba a kuma ƙawata su ba.

Star Wars da ɓacin ran Tim

Kafin zango na biyu wani abu ya faru a duniyar gaske da ya shiga labarin. A 1999 aka saki The Phantom Menace, sabon fim a jerin Star Wars bayan shekara 16 ana jira, kuma da yawa daga cikin tsofaffin masoya jerin sun ji an ci amanarsu. Pegg na cikinsu. A zango na biyu sai ga Tim ya tara kayan Star Wars ɗinsa ya cinna musu wuta kamar mai ƙona gawa, daga baya kuma aka kore shi daga aiki saboda ya daka wa wani yaro tsawa don ya zo sayen kayan wasa na Jar Jar Binks, halittar da aka fi tsana a sabon fim ɗin. Wani abin dariya a ɓoye shi ne Serafinowicz, mai taka abokin gabar Tim, shi ne ya yi muryar Darth Maul, mugun da ke cikin wannan fim.

Lokaci ya juya da Pegg. A cikin Spaced, Tim ya taɓa yanke hukuncin cewa duk fim ɗin Star Trek mai lamba mara ba shi da kyau. A 2009 Pegg ya fito a matsayin Scotty a fim na 11 na jerin. A 2015 kuma ya fito a cikin Star Wars ɗin kansa, a The Force Awakens.

Yadda aka haɗu, da yadda aka rabu

Pegg da Stevenson da Wright sun yi aiki tare tun 1996 a wani ƙaramin shiri mai suna Asylum a tashar Paramount Comedy. Ganin yadda Pegg da Stevenson suka dace da juna ne ya sa aka nemi a yi musu shiri nasu, su kuma suka zaɓi su rubuta da kansu, suka nemi Wright ya ba da umarni. Nira Park na cikin masu shiryawa, kuma kamfaninta Big Talk ya ci gaba da aiki da su shekaru da dama. Guy Pratt ne ya tsara kiɗan.

Kashi na farko ya fita ranar Juma'a 24 ga Satumban 1999. Zango na biyu ya fara ranar 23 ga Fabrairun 2001, ya ƙare a watan Afrilun shekarar. An zaɓi kowane zango cikin masu takarar kyautar BAFTA ta wasan barkwanci mafi kyau, ko da yake bai lashe ba. Stevenson ta samu kyautar British Comedy Awards sau biyu saboda matsayin Daisy, a 1999 da 2001.

A kashi biyun ƙarshe, ƙaryar ta fashe a wajen walimar zagayowar ranar haihuwar Daisy. Marsha ta gano cewa kowa a gidan ya san gaskiya sai ita kaɗai. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne an mayar da ita bare a gidanta, maganar sharaɗin haya ba ta ma dame ta ba. Ta tattara ta bar gidan, ta sa shi a kasuwa. A lokaci guda sabuwar budurwar Tim, Sophie, ta samu aiki a birnin Seattle na Amurka, Daisy kuma ta haɗa kayanta za ta bar Landan. Yadda aka warware wannan ya haɗa da tankar yaƙi da rediyo mai kaset da gudu zuwa tashar jirgin ƙasa. An rufe shirin da Tim da Daisy a kan kujera suna kallon talabijin, ba tare da an faɗi ko sun zama masoya ba.

Abin da ya biyo baya

A kashi na uku na zango na farko, Tim ya kwana yana wasan bidiyo na Resident Evil 2 har ya fara ganin gawarwaki masu tafiya a cikin falonsa. Pegg da Wright sun ji daɗin ɗaukar wannan fitowa ƙwarai, daga nan tunanin yin cikakken fim ya zo musu. Shi ne Shaun of the Dead na 2004, wanda Hot Fuzz na 2007 da The World's End na 2013 suka biyo baya, duka da Pegg da Frost a gaba, Wright a bayan kyamara. Wright ya ci gaba da Scott Pilgrim vs. the World a 2010 da Baby Driver a 2017. Pegg ya shiga jerin Mission: Impossible tun 2006. Hynes ta tsaya galibi a talabijin da dandamalin Birtaniya, ta fito a The Royle Family da Twenty Twelve da W1A, ta kuma lashe BAFTA a 2019 saboda There She Goes. Nasarar finafinan ta sa mutane da yawa, musamman a Amurka, suka riƙa ɗaukar Spaced a matsayin aikin Pegg da Wright, suna mantawa da cewa rabin rubutun na Hynes ne.

Wannan mantuwa ta fito fili a ƙarshen 2007, lokacin da aka sanar cewa tashar Fox za ta sake yin shirin da 'yan wasan Amurka, ƙarƙashin darakta McG. Waɗanda suka ƙirƙiri shirin ba su ne ke riƙe da haƙƙin mallakarsa ba, don haka doka ba ta tilasta a nemi izininsu ba, ba a kuma tuntuɓe su ba kafin sanarwar. Dukansu ukun sun fito fili sun nuna rashin amincewa. Abin da ya fi ɓata wa Pegg rai, kamar yadda ya bayyana, shi ne an yi amfani da sunansa da na Wright wajen tallata aikin, aka bar sunan Hynes. An ɗauki kashin gwaji, amma a 2008 Fox ta fasa ci gaba da shi. A wannan shekarar ce aka saki ainihin shirin a faifai a Amurka, da sharhin masoyansa irin su Quentin Tarantino da Kevin Smith da Matt Stone da Diablo Cody.

An daɗe ana tambayarsu zango na uku, su kuma sun sha cewa ba za a yi ba, domin labarin na masu shekara ashirin da wani abu ne, su kuwa sun wuce nan. Amsa ɗaya da suka bai wa masu son sanin makomar Tim da Daisy tana ƙarshen wani shirin waiwaye na 2004 mai suna Skip to the End. Bayan 'yan wasan sun gama zagaya wuraren da aka ɗauki shirin sun bar ƙofar gida mai lamba 23, sai ƙofar ta buɗe, Tim da Daisy suka leƙo, ɗauke da jaririya.